Yadda ake cire ganguna daga kiɗan da aka riga aka yi wa miksin

Da wuya mako ya wuce a situdiyo ba a kawo min wannan aikin ba. Mawaƙi zai shigo da waya a hannu ya ce, "Oga, ga wani bit nan, fiyanon ya yi min, amma gangunan ba su shige ni ba. Ka ɗan cire min su mu zuba kalangu." Wannan "ɗan" ɗin shi ke ba ni dariya. A wajensa abin kamar cire hula ne. Kai kuwa da za ka zauna gaban kwamfuta, fura aka miƙo maka wadda aka riga aka dama, aka ce ka tsame nonon ka bar furar.

Lokacin da mai kiɗa yake haɗa bit, kowane kaya yana kan layinsa: kik (babbar ganga mai nauyin sauti) daban, sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti) daban, bes (kayan da ke riƙe sautin ƙasa) daban, fiyano daban. Da zarar ya fitar da shi a fayil ɗaya, duk sun narke sun koma igiyar sauti biyu kacal, ta hagu da ta dama. Babu inda aka rubuta "ganga" a cikin fayil ɗin balle ka danna ka kashe. A da sai dai a yi ta dabaru da ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara wani zangon sauti. Daga 2019, da kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter kyauta, sai aka shiga zamanin manhajojin da aka horar su riƙa gane kowane kaya da kunne, su ware shi. Yanzu ana samun aiki mai kyau ƙwarai. Amma ganga ko ta fita tana barin sawu, kuma share wannan sawun shi ne ainihin aikin. Danna maɓallin rabawa kowa ya iya.

Kayan da za ka tanada

Fayil ɗin kiɗan, kwafi mafi tsabta da za a iya samu. WAV ne kan gaba, in babu sai MP3 mai 320 kbps.

Kwamfuta. Ba sai mai tsada ba, mai RAM 8 GB ta wadatar. Wadda ke da katin hoto na NVIDIA tana gamawa nan da nan, wadda ba ta da shi kuma za ta yi aikin, sai dai ka jira 'yan mintoci fanka tana ta huci. Ka tabbata akwai caji ko janareta na kunne, domin rabawa na shan batir, kuma in ta mutu a tsakiya daga farko za ka koma.

Manhajar rabawa. Idan FL Studio kake amfani da shi, tun daga bugu na 21.2 da ya fito a 2023 abin yana ciki, a fakitin Producer zuwa sama. Akwai Ultimate Vocal Remover, kyauta ne, kuma kada sunansa ya ruɗe ka, ba murya kaɗai yake cirewa ba. A cikinsa akwai Demucs, injin da masu bincike na kamfanin Meta suka ƙera, wanda ni shi na fi yarda da shi a kan ganguna. Masu Mac mai sabon inji suna da Stem Splitter a Logic Pro 11. Wanda waya kaɗai gare shi, Moises ko Splitter na BandLab za su fisshe shi, amma suna buƙatar data.

Ikwalaiza iri biyu: ta yau da kullum kamar Fruity Parametric EQ 2, da mai motsi wadda ba ta yanka sai sauti ya yi tsalle. TDR Nova kyauta ce kuma ta isa.

Hedfon mai rufe kunne, da kuma sifikar wayarka. Za ka ga amfanin ta biyun a ƙarshe.

Mataki na 1: Nemi asalin aikin tukuna

Kafin ka buɗe komai, tambayi mawaƙin wa ya buga kiɗan. Sau da yawa mai kiɗan yana nan cikin gari, lambarsa ma tana wayar wanda ya kawo aikin, kunya ko ragowar kuɗi ce ta hana shi kira. In aikin yana nan a kwamfutarsa, kashe layin ganguna ya fitar da sabon fayil bai fi minti biyu ba, kuma babu manhajar da za ta ba ka tsabta irin wannan. Ko da za a ba shi wani abu, ya fi araha a kan awa uku da za ka ɓata.

Wannan kiran yana kuma warware maganar izini. Cire ganga ba ya mayar da kiɗan wani ya zama naka. In don atisaye ne ko koyon bugu, babu damuwa. In waƙa za a saki, a nemi yardar mai shi, domin YouTube yana iya gane fiyanon ko babu ganga ko ɗaya a kai.

Idan asalin aikin ya ɓata, ko kwamfutar ta lalace, ko mutumin ba ya samuwa, to a nemi kwafi mai kyau. A turo maka shi a matsayin takarda a WhatsApp, ko ta Xender, ko a filashi. Kada ka karɓi kiɗan da aka tsamo daga bidiyon sitatus. An taɓa kawo min wani da aka naɗa da waya daga sifikar wata wayar, har da ƙarar adaidaita sahu a gaɓa ta uku. Na ce masa wannan ba cire ganga yake buƙata ba, sabon kiɗa yake buƙata. Dalilin da ya sa nake matsawa a nan: MP3 mai 128 kbps yakan datse sautin sama daga wajen 16 kHz, ya kuma dagula kaifin hayihat, ƙananan farantan nan masu "tsik, tsik". Manhajar rabawa ba ta gyara wannan dagulewar, fito da ita fili take yi, sai ka ji kiɗan kamar ana buga shi a cikin randa.

Mataki na 2: Saurara da biro a hannu

Kunna kiɗan daga farko har ƙarshe sau biyu, kada ka taɓa komai. Rubuta abu uku.

Ɗaya, gudun kiɗan, wato BPM. Sa shi daidai a manhajarka, ka ja fayil ɗin har bugun farko ya zauna a kan layin gaɓa. Kada ka bari manhaja ta miƙa ko ta matse fayil ɗin don ya dace da gudun da ta ga dama. Kai za ka bi kiɗan.

Biyu, wuraren da ganguna suka yi shiru da kansu. Yawancin bit suna da shimfiɗa a farko inda fiyano ke tafiya shi kaɗai, ko wani numfashi kafin amshi. Rubuta daƙiƙarsu. Waɗannan wurare zinariya ne, da su za ka yi faci daga baya.

Uku, me za a yi da kiɗan bayan an cire. Wanda zai ɗora sabbin ganguna a kai ba ya buƙatar tsabta ɗari bisa ɗari, sabon bugu zai rufe tsohon sawu. Wanda yake son fiyano tsirara don a sa ƙarƙashin magana a fim ko a yi waƙa mai sanyi, shi ne mai wahala, domin babu abin da zai ɓoye masa komai.

Mataki na 3: Rage ƙarfi, ka fitar da kwafin aiki

Kiɗan da aka yi wa masta, wato gyaran ƙarshe bayan miksin, yana cike taf har bakin 0 dB, iyakar ƙarfin da fayil ke ɗauka. In ka raba shi a haka, wani layin zai iya haura iyaka, manhaja kuma ko ta datse kansa ko ta rage masa ƙarfi ita kaɗai ba ta gaya maka ba. Duka biyun za su ɓata maka lissafi a mataki na 6. Saboda haka rage fayil ɗin da kamar 4 zuwa 6 dB, ka tabbata babu limita (mai hana sauti haura iyaka) ko wani filogin a kan layin masta, inda duk layuka ke haɗuwa, ka fitar da shi a WAV. Sabon aiki a FL Studio yakan zo da limita a masta in ka buɗe da wasu samfuran farawa, ka duba ka cire.

Daga yanzu wannan kwafin ne asalinka. Ajiye tsohon gefe, kada ka sake haɗa su.

Mataki na 4: Raba

A FL Studio, jefa kwafin a Playlist, danna ɗan alamar da ke kusurwar hagu ta saman kilif ɗin, ka zaɓi Extract stems from sample. Karon farko zai sauke injin daga intanet, daga nan ba ya sake neman data. Bar duka huɗun a zaɓe: ganguna, bes, murya, da sauran kaya. Ko da babu mai waƙa a bit ɗin, kada ka jefar da layin murya. Sarewa, algaita, goge da wasu sautukan kibod masu ja sukan faɗa can, saboda manhaja tana jin su kamar muryar mutum.

A Ultimate Vocal Remover, zaɓi Demucs a matsayin hanya, ka sauke htdemucs_ft. Ya ninka na yau da kullum jinkiri har sau huɗu, amma ya fi shi tsabta. Sa fitarwa a WAV. Wanda ya saba da rubuta umarni kuma ya girka Demucs kai tsaye, layi ɗaya ne: demucs --two-stems=drums waka.wav, zai ba ka fayil biyu, na ganguna da na komai ban da ganguna.

A waya, ɗora fayil ɗin, zaɓi rabawa huɗu, ka jira. Ka san lissafin datarka: WAV na cin kusan 10 MB a kowane minti, bit mai minti huɗu 40 MB ke nan hawa, saukowar layi huɗu kuma wajen 160 MB in a WAV ne. Tsarin kyauta na irin waɗannan manhajojin yana da iyaka, don haka kada ka ɓata damarka a kan gwaji da fayil mara kyau.

In kana da hanya fiye da ɗaya, yi da biyu ka kwatanta. Ba kullum ɗaya ke cin nasara ba. Na sha ganin wannan ta cire kik tas ta bar hayihat, waccan ta yi akasin haka.

Mataki na 5: Saurari layin gangunan shi kaɗai

Nan ne sababbin hannu ke tsallakewa. Da an raba sai su kashe layin ganguna, su ji shiru, su fitar su miƙa. Kada ka yi haka. Kunna layin da za ka jefar shi kaɗai, da hedfon, ka ji abin da aka sato a ciki. Za ka ji kan fiyano, wato ɗan "tak" ɗin da ke fita lokacin da yatsa ya sauka. Za ka ji tsinkar jita ko gurmi. Wani lokacin har da farkon bes. Duk abin da ke da bugu mai kaifi manhaja tana zarginsa da zama ganga. In ka zubar da layin da waɗannan a ciki, fiyanonka zai fito lagwas kamar an jiƙa shi.

Sannan ka juya, ka saurari sauran layukan ɗaya bayan ɗaya, ka ji gangar da ta ɓuya a cikinsu. A nan kiɗanmu yake da tasa matsalar. Waɗannan injuna da waƙoƙin Turawa aka fi horar da su. Sanannen rumbun da ake koya musu da shi, MUSDB18, waƙa 150 ne kacal, shi Demucs na huɗu an ƙara masa wasu 800 a kai. Sun san kik, sun san sineya, sun san faranti. Kalangu kuwa yana ruɗa su, domin ganga ce mai magana: makaɗi ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya saki ya sauka. Injin yana jin kan bugun ya ce ganga ce, ya ji jelar tana lanƙwasa ya ce a'a, wannan kayan waƙa ne. Sai ka tarar an raba kalangu ɗaya gida biyu, kai a layin ganguna, gangar jiki a layin sauran kaya, wani lokacin ma a bes. Kotso ma haka. Kacau-kacau da tafi sukan fita lafiya. Shi kuma 808, bugun ƙasa mai kauri da ja, da gangar log ta amapiano, kusan kullum bes ake kai su, kuma da gaskiyar injin, aikin bes suke yi. Ka yanke shawara da mai waƙar: 808 ɗin ma fita zai yi, ko a bar shi? In zai fita, layin bes gaba ɗaya za ka kashe ka buga sabo, ya fi maka sauƙi.

Rubuta daƙiƙar duk inda ka ji sata ko ɓuya.

Mataki na 6: Haɗa kiɗan da babu ganga

Hanya biyu ce, kuma ina gwada duka biyun a kowane aiki.

Ta farko ita ce tarawa: kashe layin ganguna, ka bar bes da murya da sauran kaya su tafi tare. Ba ta da wani sirri.

Ta biyu ita ce kifewa, kuma tana buƙatar ɗan bayani. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. In ka ɗauki igiya ka kife ta, inda take hawa ta koma sauka, sannan ka kunna ta tare da ta asali, sai su cinye juna a ji shiru. To sa kwafin aikinka na mataki na 3 a layi ɗaya, sa layin ganguna a ƙarƙashinsa, ka kife na gangunan. A FL Studio akwai maɓallin Reverse polarity a kowane layin miksa, a Audacity kuma Invert ne. Kunna su tare. Gangunan da ke cikin asali za su haɗu da kifaffun su ɓace, sauran kiɗan ya tsaya yadda yake.

Bambancinsu a kunne: tarawa takan fi shiru amma ta fi sirancewa, domin akwai ɗan abin da injin kan zubar a hanya. Kifewa takan bar kiɗan da kaurinsa da iskarsa, amma duk gangar da injin bai kama ba tana nan daram.

Gargaɗi, kuma da ƙarfi. Kifewa ba ta yafe kuskure. A kowace daƙiƙa akwai ɗigon sauti 44,100 a fayil na yau da kullum, in layi ɗaya ya goce da ɗigo ɗaya tak, hayihat zai dawo. Kada ka taɓa bolum na ko ɗaya daga cikin biyun. Kada ka sa ikwalaiza a ɗaya ka bar ɗaya. Kada ka yi da layin da aka sauke a MP3, domin MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, yana kuma canza igiyar kanta. In ka kife ka ji gangunan sun yi wani siririn sauti kamar ta cikin bututu, gocewa ce, ka zuƙo hoton igiyar sosai ka daidaita. In ka ji sun ƙara ƙarfi, ba ka kife ba ke nan, ko ka kife sau biyu.

Wanda ya fi daɗi a cikin biyun, fitar da shi a WAV ka ci gaba da shi. Ba laifi ba ne ka ɗauki baiti daga wannan, amshi daga wancan.

Mataki na 7: Share sawu

Fara da faci, domin shi ne mafi tsabta kuma an fi mantawa da shi. Yawancin bit zagaye suke yi, gaɓa huɗu ko takwas suna maimaita kansu. Koma ga takardarka. In shimfiɗar farko tana da zagayen fiyanon nan babu ganga, kwafe ta daga kwafin aiki ka jera ta a duk inda zagayen ya dawo. Wannan ba ta bi ta injin rabawa ba sam, don haka ba ta da tabo. In babu irin wannan wuri, nemi gaɓar da ta fi fita tsaf a cikin rababben, ka maye gurbin masu datti da ita. Yanka a kan layin gaɓa daidai, ka sa ɗan gajeren narkewa a mahaɗa, kamar milisakan 5 zuwa 10, don kada a ji "ƙyas".

Abin da faci bai kai gare shi ba, sai ikwalaiza mai motsi. Ga inda kowa ke zama. Nauyin kik yana tsakanin 50 da 100 Hz, ɗan ƙwanƙwasar kansa kuma wajen 2 zuwa 5 kHz. Cikin sineya yana wajen 150 zuwa 250 Hz. Hayihat da kacau-kacau suna can sama, daga 6 kHz zuwa abin da ya fi 10 kHz. Sa TDR Nova a layin da sawun yake, kai maki ɗaya zangon da ke damunka, ka sauke iyakar kamawa a hankali har ka ga tana cizo lokacin bugu kaɗai tana saki a tsakani. Kamawa ta zama mai sauri. Ragin 3 zuwa 6 dB ya isa. In sai ka kai 12 kafin ka ji sauƙi, ba aikin ikwalaiza ba ne, koma faci.

Dabarar da ta fi wannan: tura layin gangunan da ka kashe ya zama shi ke ba ikwalaizar umarni ta saidicen, wato hanyar da wani layi ke sarrafa filogin da ke kan wani layin. Ba a jin sa, amma duk sanda ya buga sai ta rage wancan zangon a daidai lokacin, ba ta taɓa fiyano a sauran wurare.

Kalangun da ya ɓuya a layin sauran kaya shi ne mai cin rai, domin yana zaune a tsakiyar zangon da fiyano da jita suke. Ikwalaiza ba ta iya raba su. Sai dai ka buɗe hoton zangon sauti, a Audacity ko iZotope RX in kana da shi. Bugun ganga yana fitowa kamar sanda a tsaye, fiyano kamar layuka a kwance, jelar kalangu kuma kamar ƙugiya mai lanƙwasa. Zagaye ƙugiyar ka rage ta, ɗaya bayan ɗaya. Aikin tsintar tsakuwa a shinkafa ne. Na taɓa kwashe yamma guda a kan amshi ɗaya, da na gama sai na kwafe shi na liƙa a sauran amsoshin uku, ban sake bi ta kansu ba.

Akwai kuma ribab, amon da ke bin bayan sineya. Sau da yawa injin yana ɗauke bugun ya bar amon, sai ka riƙa jin "shaa" ba tare da abin da ya haife shi ba. Ikwalaiza mai motsi da saki mai ɗan tsawo tana rage shi.

Wasu suna sake jefa rababben cikin injin karo na biyu don ya kwashe ragowar. Yana aiki, amma kowane zagaye yana cin kiɗan. Sau ɗaya na yarda, na uku ban taɓa jin ya yi kyau ba.

Shi kuma kan fiyanon da aka sato, in ka ji kiɗan ya yi lagwas da yawa, ɗauko layin ganguna, yanke masa ƙasa da sama ka bar zangon da satar take, ka buɗe shi kaɗan a wuraren da ka rubuta kawai.

Mataki na 8: Cike ramuka

Ko an share komai, za ka iya jin kiɗan yana numfashi, yana nutsewa yana tasowa a daidai inda kik yake a da. Ba laifin injin ba ne. Lokacin miksin da masta, duk sanda kik ya buga, kwamfuresa da limita suna danne sauran kayan su ba shi hanya, wasu masu kiɗan ma da gangan suke yin haka. Kik ya tafi, dannewar tana nan a jikin fiyano.

In za ka sa sabbin ganguna, magani mafi sauƙi shi ne sabon kik ya sauka a cikin tsohon ramin. Canza sautinsa yadda kake so, ƙara bugu a tsakani, amma manyan bugun su zauna inda na da suke. In makaɗi ne zai buga kalangu da hannu, kunna masa tsohon layin gangunan a hedfon ƙasa-ƙasa, hannunsa da kansa zai bi wuraren.

In tsirara za a bar shi, sai zanen bolum. Zuƙo gaɓa ɗaya, ka ga inda igiyar ta sirance, ka zana ɗan tudu na 1 zuwa 3 dB a daidai wurin, hawa da sauri, sauka a hankali. Lissafin yana taimakawa: raba 60,000 da BPM ka sami tsawon bugu ɗaya a milisakan, a gudun 100 ke nan 600. Da gaɓa ɗaya ta zauna, kwafe zanen ka jera, tunda kik ɗin ma maimaitawa yake. Wani abin da ke rufe asiri shi ne ka shimfiɗa siririn fad, wato sautin kibod mai taushi da ja, a ƙasa yana bin kod ɗin kiɗan, ƙasa sosai yadda ba a lura da shi sai an kashe.

Idan babu manhajar rabawa ko kaɗan

Ba za ka cire ba, ragewa za ka yi, gara ka gaya wa mai aikin tun farko. Faci na mataki na 7 yana nan, ba ya buƙatar komai sai almakashi. Bayan shi, yanke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz zai tafi da nauyin kik, amma da bes zai tafi, sai ka buga sabo. Yanke sama da 7 ko 8 kHz zai dusashe hayihat, kiɗan ya yi duhu. Transient Processor na FL Studio, in ka rage masa kan bugu, yana dakushe sineya. Akwai kuma raba tsakiya da gefe: kik da sineya galibi a tsakiya ake ajiye su, fiyano da fad a baje hagu da dama, don haka rage tsakiya yana rage su. Sai dai bes ma a tsakiyar yake, kuma in bit ɗin mono ne, wato hagu da dama abu ɗaya ne, babu gefen da za ka riƙe, shiru kawai za ka samu. Ka kuma sani abin da ya rage daga gefe zalla yakan ɓace in an kunna shi a sifika ɗaya.

In gangunan sun taɓa tafiya su kaɗai a wani wuri a kiɗan, za ka iya kwafe wannan zagayen ka kife shi a kan sauran. A takarda dabara ce mai kyau. A aikace sau ɗaya ta taɓa yi min sosai, a wani bit da ba a yi wa masta ba, domin limita tana canza kowane bugu gwargwadon abin da ke tare da shi.

Mataki na 9: Gwaji da fitarwa

Huta minti goma kafin ka yanke hukunci, kunnen da ya daɗe yana farautar hayihat yakan fara jin sa ko babu. Ka dawo ka saurara a hedfon, sannan a sifikar situdiyo, sannan ka mayar da masta mono ka sake ji. Na ƙarshe, tura wa wayarka ka kunna a sifikarta. Wannan na koye shi ne da kunya. Na taɓa miƙa wani aiki ina ta yabon kaina, a manyan sifiku babu ko ɗigon ganga. Mawaƙin ya kunna a wayarsa a bakin ƙofa, sai ga "tsik, tsik, tsik" tun daga farko har ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Oga, wannan agogo ne ka sa min a ciki?" Sifikar waya ba ta da sautin ƙasa da zai rufe komai, saman kawai take turowa, kuma a nan mafi yawan mutane za su ji waƙar.

Kada ka ɗaga ƙarfin kiɗan ya koma 0 dB don ka ga ya ragu bayan fitar ganguna. Ɗagawa tana ɗaga sawun tare da shi, kuma sabbin ganguna da murya suna buƙatar wuri. Bar shi wajen 6 dB ƙasa da iyaka, ka fitar a WAV 24 bit. Ajiye layukan huɗu da kwafin aiki a jaka ɗaya, da sunan waƙar da BPM a jiki, har da layin gangunan da aka ce ba a so. Kusan rabin masu kawo min wannan aikin sukan dawo bayan kwana biyu su ce a mayar musu da tafin kawai.